Daga Hantsi Zuwa La'asar

Har yau in na ji rugugin jirgin sama bisa tabkin Madarounfa, ba ni ɗaga kai. Yara su ruga suna nuni, ni raina ke ɓaci, kuma bari ka ji dalili.

Ina ƙarami ƙanen babana, autan kaka, ya bi ta Ɗan Issa zuwa Kano, ya hau jirgi zuwa Jidda da sunan umara, ya zauna can neman kuɗi. Kaka ta musulunta, amma ba ta bar al'adar iyayenta ba. Ranar da ya fita ta ɗebi ƙasar sawunshi a ƙofar gida, ta ƙulle a tsumma ta soke cikin jinka, wai ƙasar za ta jawo shi. Daga nan ta dangana. A tunaninta Makka tafiyar shekaru ce, kamar yadda mutanen dauri suka yi ta da ƙafa da jaki.

Mushe, malamin makarantar bokonmu, ne ya ɓata mata wannan danganar. Wata shekara lokacin girbi, muna cikin sussuka, ƙaiƙayi na cin wuya, ya biyo gaisuwa. Shi da son nuna ilimi, ya ce ai nisan dubban kilomita ne, amma jirgi in ya tashi Jidda da hantsi, kafin la'asar ya sauka Kano.

Kaka ta aje taɓarya. "Mushe, kenan ya hi zuwa Gabi da jaki a komo sauƙi?"

"Ƙwarai, iya."

"To mi ya riƙe shi?"

Mushe ya yi sallama ya tafi. Tun daga ranar kullum sai kaka ta dama fura ta rufe ma autanta da faifai, furar ta zauna har ta yi tsami, mu sha. Gayaunarshi ta hana kowa nomawa, ciyawa ta cinye ta damina bayan damina.

Da ciwon ajali ya kama ta aka aika mashi saƙo, ya ce yana tafe. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, fuskarta na kallon hanya. Ba ta san ba shi da takardu ba, in ya fito ba komawa, kuma shi ya zaɓi zama. A zauren nan ta cika, da ƙamshin sabon gero cike da gida.

Sai da na yi gemu aka kamo shi aka maido. Ya ce mani tafiyar ba wuya, ko gyangyaɗi bai gama ba suka sauka. Ya ce in nuna mashi kushewarta. Ruwan damina ya daɗe da shafe ta, na kai shi na nuna mashi fili.

Yanzu rabin samarin unguwarmu suna waje. Kullum uwayensu na ganin fuskarsu cikin talho, suna jin "ai kusa ne, inna". Ni dai na san su wa ke ɗaukar makara in tsohuwa ta mutu. Mu ne, da ba mu taɓa hawa jirgi ba.