Saw Lawe da Jar Kazar Kurmi

Saw Lawe bai taɓa iya waƙa ba. A cocin ƙauyensu, can tsakiyar tsibiran Andaman, inda 'yan ƙabilarsu ta Karen ke rera waƙa kamar da ita aka haife su a baki, shi leɓe kawai yake motsawa. Matarsa Naw Pale takan ce ranar da aka yi rabon murya ya makara, ta kwaɗo ce kaɗai ya tarar ta rage. Ba ya musa mata. Da muryar kwaɗon nan ya ci da gidansa shekara goma sha biyar.

Amma teku ya fara yi wa bauta. Tun yana saurayi yake da dungi, dogon kwale-kwalen nan mai inji da ke tari kamar tsohon mashayin taba. Yakan ɗebi baƙi daga gaɓar Mayabandar ya kai su inda murjani yake, ya ɗaura musu gilashin ruwa a fuska, ya sa musu bututun numfashi a baki. Yawancinsu ba su iya iyo ba. Sai su rungumi taya, shi kuma ya kama igiya yana iyo yana jan su sannu sannu, kamar mai jan akuya mai tsohon ciki. A ƙarƙashinsu lambu ne da ba wanda ya shuka: murjani mai ƙahon barewa, da mai faɗi kamar faifai, kifaye shuɗi da rawaya suna shiga suna fita. Wata tsohuwa daga Kalkata ta taɓa leƙawa da zanenta na sari a jiki, ta ɗago tana hawaye, ta ce shekara saba'in tana cin kifi ba wanda ya taɓa gaya mata suna da gari.

Sai shekarar girgizar ƙasa ta zo. A kudu ruwa ne ya hau tudu ya ci mutane. A wajensu kuwa ƙasa ce ta ɗaga. Da abin ya lafa, Saw Lawe ya tuƙa dunginsa ya je, ya tarar da lambunsa tsaye a waje cikin rana, ya kai ƙugun mutum bisa ruwa. Wata guda iska tana kawo warinsa har cikin ƙauye. Daga nan ya yi fari fat kamar ƙashi. Baƙi suka ɗauke ƙafa, shi ma ya koma gonar shinkafa da bishiyoyin kwakwarsa.

Da baƙi suka dawo bayan 'yan shekaru, wasunsu da wata buƙata suka zo. Suna rataye da madubin hangen nesa da kyamarori masu dogon baki, suna tambayar wata tsuntsuwa da ba a samunta ko'ina a duniya sai a tsibiran nan: jar kazar kurmi. Ja ce kamar garwashin da ya fara hucewa, bakinta kore, cikinta da zanen baƙi da fari. Ba ta hawa sama, a ƙasa take yawo cikin busasshen ganye a gefen rafi, kuma ta fi ɓarawo tsoron ido. Mutum sai ya yi mako guda matsattsaku suna shan jininsa bai ga ko gashinta ba.

Saw Lawe ya ji suna kwatanta ta, ya yi dariya, domin ya san ɗanɗanonta. Mahaifinsa maharbi ne, yakan kifa rabin ɓawon kwakwa a baki ya yi wani gurnani mai zurfi, namijin ya zaci kishiyarsa ta maza ce ta shigo masa gida, ya fito a fusace ya faɗa tarko. Da yamma a ci shi da shinkafa da daddawar kifi. Saw Lawe ya nemi ɓawo, ya shiga kurmi shi kaɗai ya gwada. Bai yi na uku ba ganye ya motsa.

Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka, ba wanda ya koya masa. Kira biyu ne rak a safiya ɗaya. In tsuntsu bai fito ba, baƙo ya yi haƙuri ya dawo gobe. Kuma daga ranar da ruwan farko ya sauka, ɓawon kwakwa yakan koma saman rumbu har damina ta wuce, domin lokacin ne suke kwanci a tsakanin saiwoyin manyan itatuwa, mace da namiji suna karɓa-karɓa. Yakan ce wanda ke gadin ƙwai ba a kiransa faɗa.

Akwai namiji ɗaya a rafin da ke bayan gonarsa da ya fi sabawa da shi, mai ɗan yatsa guda a karye. Yadda yake takawa a natse, kai a sunkuye, kamar hannunsa na goye a baya, ya sa Saw Lawe ya raɗa masa suna Fasto.

"Allah ya sa faston gaskiya ya ji ka," in ji Naw Pale, tana yanka masa irin goron da ake taunawa a can a kan ganye. "Ka raɗa wa kaza sunan bawan Allah."

"Ai ya fi shi taƙaita huɗuba. Kira biyu ya gama."

"To je ka ya ɗaura maka aure da wata. Ni dai na gaji da mijin da ke dawowa da matsattsaku a wando."

Haka suka yi shekara huɗu, shi da Fasto. Da asuba kurmi, da hantsi kuma, in akwai masu son teku, mijin 'yarsa ya kai su wani murjani mai nisa da ya tsira. Sunan surukin Nitai, ɗan ƙabilar Bangale ne mai zaƙin baki da saurin tafiya, wanda zai iya sayar wa mai jirgi ruwa. Ba mugu ba ne. Yana son tsohon, yana kuma tsoronsa kaɗan.

A shekarar da Saw Lawe ya cika sittin da biyu muryarsa ta fara dishewa. Ya ce mura ce. Da haɗiyar shinkafa ta fara yi masa wuya, likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce akwai tsiro, sai an haye teku zuwa birnin Cennai an yi aiki. Ana jibi jirgi zai tashi, Nitai ya zo ya tsuguna a gabansa yana juya waya a hannu.

"Baba, baƙi shida sun riga sun sayi tikitin zuwa saboda kazar nan. Ni kuwa ka sani, in na kifa ɓawon nan a baki, karnukan ƙauye ne ke amsawa."

"Har su ma don tausayi."

"To ka yi min kiran nan in naɗa a waya. Kafin ka dawo kawai."

Saw Lawe ya dubi wayar. Abin bai kwanta masa ba, amma ya san tafiyar nan za ta ci duk abin da gidan ke da shi, kuma 'yarsa tana da goyo.

"Sau biyu," ya ce.

"Sau biyu, Baba."

"Ruwan farko na sauka ka rufe ta. Kuma kada ka ba kowa."

"Haba Baba, ni mahaukaci ne?"

Suka je bayan rumbu inda babu hayaniya. Ya kifa ɓawon ya tattaro abin da ya rage masa a maƙogwaro, kiran ya fito cikakke, mai zurfi, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Shi ne na ƙarshe da ya yi a duniya.

Wata biyar ya yi a can. An cire tsiron, an cire muryar tare da shi. Ya dawo a tsakiyar damina, ya rame, da ƙyalle ɗaure a wuya, magana sai raɗa kamar iska a cikin kara, sai mutum ya kawo kunne kusa. Naw Pale ce ta zama bakinsa. Takan ce ta yi shekara arba'in tana addu'a ya yi shiru, ba ta san Allah zai ɗauki maganar da gaske ba. In ta faɗi haka sai ta shige kicin ta daɗe.

Kwana uku da dawowarsa, da sassafe, yana zaune a baranda yana kallon ruwa na ɗiga daga rufin ganye, sai ya ji muryarsa tana fitowa daga wajen rafi. Ta yi kira, ta sake, ta sake. Ya ƙirga har goma sha ɗaya kafin ya miƙe ya ɗauki sanda.

Ba Nitai ya tarar ba. Wani mai kai baƙi ne daga wani gari da bai taɓa gani ba, ya rataye 'yar lasifika a reshe, mutum bakwai sun jeru da lema da kyamarori. A gabansu kuwa ga Fasto. Ba takun nan na natsuwa, gudu yake daga wannan saiwa zuwa waccan, fukafukai a sake, baki a buɗe, yana neman abokin gaba da ba shi da jiki. Gashin wuyansa ya zube. Saw Lawe ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

"Tsoho, matsa gefe mana, ka tare wa mutane," in ji mai lasifikar. "Ka ga abin da ake kira aiki? Muryar wani gwani ce wannan, an ce ma ya mutu."

Da suka watse ya bi gefen rafin har gindin babban itacen da ya sani. Sheƙar tana nan tsakanin saiwoyi biyu, ƙwai biyar a ciki. Ya sa bayan yatsa ya taɓa. Sanyi ƙalau, tururuwa har sun fara zagaye ɗaya. Macen ta gaji da kwanci ita kaɗai ba mai karɓarta, ta tafi.

Nitai bai yi ƙarya ba da aka tambaye shi. Ya durƙusa a tsakar gida, ruwa na dukansa.

"Mutum ɗaya na ba, Baba, wallahi mutum ɗaya. Abokina ne, matarsa ba lafiya. Shi ya ba ƙaninsa. Yanzu ko masu tuƙa a-daidaita suna da ita. Na bi su ɗaya ɗaya na roƙa, suna min dariya. Ka ce in goge tawa, yanzu in goge."

"Goge taka zai dawo da ta sauran?" in ji Naw Pale. "Kai dai bakinka da hannunka duk ba su da marfi. Tashi daga cikin ruwa kafin ka ƙara mana wani majinyacin."

Saw Lawe bai ce a goge ba. Ya yini a zaune yana tunani. Damina da saura, tsuntsun zai iya neman wata mace ya sake sheƙa, in an bar shi. Amma ba za a bar shi ba. Gobe wata motar za ta zo, jibi wata, kuma muddin Fasto ya yarda da muryar nan zai fito, har ranar da zai faɗi. Ba yadda za a yi a tsamo murya daga wayoyi ɗari. Abu ɗaya ne ya rage a hannunsa: ya sa Fasto ya daina yarda da muryar. Da la'asar ya yafito surukin, ya raɗa masa a kunne ya ba shi aron wayar, ya nuna masa inda ake dannawa.

Washegari ya riga kowa zuwa rafi. Ya cika aljihu da curin laka, ya zauna inda ya saba zama shekara huɗu. Ya danna. Ganye ya motsa, Fasto ya fito, ya tsaya bai fi taku biyar da shi ba, ya karkata kai yana kallonsa da jan idonsa. Saw Lawe ya ɗaga hannu ya jefe shi. Lakar ta fashe dab da ƙafarsa. Tsuntsun ya yi tsalle ya ɓace. Tsohon ya jira, ya sake dannawa, da ya leƙo ya sake jifa, ya bi shi da sanda yana dukan ganye yana haki, har ƙafarsa ta zame ya zauna cikin ruwa.

Ya yi haka kwana na biyu, da na uku. A na huɗu Fasto bai fito fili ba, daga cikin duhun saiwa ya tsaya, sai ƙyallin idonsa. Saw Lawe ya jefa can ɗin ma. Ɗan maharbi ne, bai taɓa kuskure ya same shi ba.

Ran kwana na shida ya danna, ya jira. Ruwa na ɗiga daga ganye zuwa ganye. Kaguwa ta fito daga rami ta wuce ta kan ƙafarsa. Ya sake dannawa, har sau goma, yadda baƙin masu lasifika ke yi. Kurmin ya yi tsit. Can nesa, sama da mafarin rafin, inda ƙaya da iccen kara suka rufe hanya ba mai iya shiga da kyamara, ya ji gurnani ɗaya gajere, ba amsa ba ce, harkar gabansa kawai yake yi.

Ya zubar da sauran lakar, ya wanke hannu a rafi, ya kamo hanya.

Naw Pale tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta dubi wandonsa da ya jiƙe, ta dubi fuskarsa.

"Ya zo?"

Ya girgiza kai.

"To madalla," ta ce. Ta ajiye faifan, ta durƙusa tana cire masa matsattsaku daga ƙwauri ɗaya bayan ɗaya, tana zaginsu da sunayen da ba a faɗa a coci.

Masu lasifika sun yi ta zuwa har ƙarshen watan, suna kunnawa suna tsaye cikin sauro, daga baya suka ce rafin ya mutu, suka koma wasu rafukan da muryarsa. Waɗannan kam ƙafarsa ba za ta kai ba, ya kuma sani.

Yanzu a gaɓa ake ganinsa in rani ya yi, zaune kusa da dungin Nitai da bokitin ruwan daɗi a gabansa, yana wanke gilasan ruwa da bututu bayan baƙi sun fito. Wani lokaci baƙo mai madubin hangen nesa yakan tsaya ya nuna masa hoton jar kaza a littafi, ya tambaye shi ko ya san inda ake ganinta. Saw Lawe yakan goge hannu a zanensa, ya karɓi littafin, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya mayar, ya nuna wuyansa, ya ci gaba da wanki.