Yarinyar da Baba Ya Bari a Jar Duniya

Ina da shekara goma sha ɗaya aka mayar da ma'aikatar su Baba daga Legas zuwa Abuja. Mai zanen taswirar gine-gine ne, amma mu a gida da wani zanen muka san shi. Duk Asabar yakan kifa tsofaffin takardun ofis, ya ja layi ya raba bayansu gida shida, ya zana labarin wata yarinya da ta ƙera kumbo da gwangwanayen madara, ta tafi wata jar duniya neman ruwa tare da mutum-mutuminta na ƙarfe mai ido ɗaya. Wata ƙaramar mujallar yara a Legas ce ke bugawa. Ni ce mai fara karantawa, tun tawada ba ta bushe ba.

Da muka zo ba a ba mu gida a cikin gari ba, sai muka kama ɗaki biyu a Gwagwalada. Baba ya fita da asuba, ya dawo bayan magariba ƙafafu a kumbure. A lokacin labarin ya kai inda kumbon ya faɗa rami, mutum-mutumin ya karye a hannu, iskar da yarinyar ke shaƙa ta kusa ƙarewa.

"Baba, yaya za ta fita?" Kullum sai na tambaye shi.

"Uwata, bari mu zauna daidai tukuna." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ba mu zauna daidai ba. Wasiƙa ta zo daga mujallar cewa sun rufe shafin Hausa. Baba ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce ko don ni zai ƙarasa. Kafin wata ya zagayo ya faɗi a tasha yana jiran motar ma'aikata. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Da aka sallamo shi daga asibiti, wata Asabar ya ce in kawo masa allon zanensa da takarda da fensir. Ya gwada da hagu. Layin da ya nufa ya miƙe sai ya karkace, fensirin ya huda takardar. Ya miƙo mini.

"Ke zana. Ni in faɗa."

Bakinsa ya karkace, maganar ba ta fita sosai. Na fahimci yarinyar za ta cire idon mutum-mutumin ta haska sama, amma abin da ya biyo baya ban gane ba. Sau uku yana maimaitawa. Abin da na zana kuwa ko kama da ita bai yi ba. Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gefen da ya mutu, ko sharewa bai yi ba.

Umma ta shigo ta kwashe takardun. "Ya isa haka, Malam. Kana ƙara wa kanka ciwo."

Bai sake neman allon ba. Ya yi shekara biyu a kwance, yawanci fuskarsa na bango. Bayan rasuwarsa muka koma gidan kawuna a Zariya. Wurin haɗa kaya na buɗe kwalin da Umma ta ajiye zanen a ƙarƙashin gado, na tarar gara ta cinye fiye da rabi. Umma ta ce babu wuri a mota, muka bar shi a bakin ƙofa.