Kifayen da na tarar a tanon ruwanmu

Wani ɗan culum na ji daga tano, wato duron da muke tarar ruwan sama, ina tankaɗe da hantsi. Lokacin ina matar aure mai 'ya ɗaya a unguwar Briqueterie, zamanin Shugaba Ahidjo. Na yi kolej, ina karanta takardar magani da Faransanci, amma kan yarinyar nan abu kaɗan ke tsorata ni, don duk damina zazzaɓi sai ya kwantar da ita ta koma kamar sillen kara.

Na leƙa, sai ga 'yan kifaye, ba su kai ɗan yatsa ba, suna ta iyo. Kwana ɗaya kafin nan na hango maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ewondo, tsaye a wurin da gwangwani, sai raina ya ba ni sammu aka yi wa 'yata. Na kwashe su a kwano ina karanta Falaƙi da Nasi, na nufi kwata. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da ita. Ta dubi kwanon ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwar Mokolo ko miyar mutum nawa zan yi da su. Ashe mijinta a tafkunan binciken kifi yake aiki, can ake kiwonsu don su ci tsutsar sauro. Kukan 'yata ne ya dame ta ta zuba mana, ta sha'afa ba ta faɗa ba. Ta ɗebo ruwan wata tsohuwar taya, tsutsotsi na mutsu-mutsu, ta juye a kwanon. A gabana suka lamushe su tas. Kunya ta rufe ni, ita kuwa sai tsokanata take yi.

Malamin unguwarmu ya ce ruwan mai tsarki ne, a yi alwala. Kifayen suka hayayyafa, ni da ita muka bi gida-gida muna rabo a gwangwanin tumatir, muka kife tayoyi. Sauro bai ƙare ba, amma ya ragu, ga gidan sauro, ga maganin asibiti.

'Yan'uwana mata, tsoro kan sa uwa ta ga mugunta a inda aka kawo mata alheri. Ku tambaya kafin ku zarga, musamman wanda addini ko yare ya raba ku. Da na isa kwata kafin mu haɗu, da na yi asarar aminiyar da har yau muke tare.

Ƙarshen daminar nan na ɗauko zani zan kai yarinyar makarantar allo, sai ta ja baya ta ce, “Inna, kar ki goya ni. Yau da ƙafata zan je.”