Fitilar da Ke Ƙiftawa Lokacin Azahar

Har yau ban manta ranar da Manaja ya kira ni ofishinsa ba. Lokacin ina aiki a wani shagon intanet a Dutse, 'yan shekaru bayan an fara shari'ar Musulunci. An raba shagon da labule, maza gefe mata gefe, shi ne aka ɗauke ni in riƙa zama ɓangaren mata, in yi shara, in goge kwamfutoci. 'Yata Ummi tana da wata biyar, a goye nake zuwa da ita.

Ku da ba ku riski zamanin ba, intanet ɗinmu ta wani faranti da ke kan rufi ake jawo shi, kuma a aune yake. Kowane wata akwai iya abin da aka yanka mana. In ya ƙare, shi ke nan sai sabon wata. Wata biyu a jere yana ƙarewa kafin lokaci. Ɗalibai su taso tun daga Ringim da Buji don cike takardar jarrabawa, su koma haka nan.

Manaja ya ce, "Hajara, tun zuwanki abin nan ya fara. Me kike dannawa in kina goge-gogenki?"

"Wallahi, Yallaɓai, tsumma kawai nake sawa."

"To tsumman ne ke shanye mana ke nan. In ya sake ƙarewa watan nan, ki nemi wani wurin."

Maigidana yana kwance ba lafiya, da aikin nan muke ci. Haka na fito.

A aji huɗu na tsaya a firamare. Turanci ba na karanta shi, amma na san lambobi. Sai na roƙi Malam Idi, dattijon da ke buga takardu, wanda shi ya yi mini hanyar aikin, ya nuna mini inda ake ganin abin da ya rage. Ya nuna mini. Na samu bayan wata takarda da aka yar, na riƙa kwafe lambar sau huɗu a rana: da safe, kafin Azahar, bayan sallah, da lokacin tashi.

Da Azahar ana rufe shago, kowa ya tafi masallaci. Ni nake zama ciki in ba Ummi nono, in yi tawa sallar daga baya. Akwai wani ɗan akwati a bango mai koriyar fitila, in ana aiki da intanet sai ta yi ta ƙiftawa. Ni da na saba zuba wa ƙirjin jaririya ido in ga ko tana numfashi, ba wuya na lura. Shago ba kowa, fitila na ta ƙiftawa. Aka dawo daga sallah na duba, lamba ta ragu. Kwana huɗu ana haka.

A na biyar na bi tebur-tebur ina taɓawa. Kwamfutar Malam Idi an lulluɓe ta da zane, amma da ɗumi. Na ɗan murɗa abin ƙara murya, sai ga mai karanta labarai yana ta zuba da Hausa. Ashe a watan da na zo ne wani ya koya masa jin rediyo ta kwamfuta. Ya kunna da safe, in an kira sallah ya rage muryar don girmamawa, ya rufa zane, wani lokacin har a tashi bai koma kanta ba.

Na rasa yadda zan yi. In kai ƙarar wanda ya samar mini abinci? In yi shiru a kore ni?

Da ya dawo na durƙusa gefen teburinsa. "Baba, in an rage muryar rediyon nan, ya daina sha ne?"

"Me zai sha, 'yata, tunda ya yi shiru?"

"Fitilar can ba ta tsaya ba, Baba."

Na miƙa masa takardata. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana bin lambobina masu karkacewa da yatsa. Can ya ce, "Innalillahi. Ashe ni ne tsumman."

Na ce ko ya daina kawai, a bar maganar tsakaninmu.

"In bar Manaja yana yi miki kallon mai ɓarna? Ba ni takardar nan."

Da ƙafarsa ya shiga wurin Manaja, bai rufe ƙofa ba, kowa na ji. Manaja bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ya dai fito da sabon littafi da biro ya ce, "Daga yau ke za ki riƙa rubuta mana." A watan nan intanet ɗin ya kai mu har ƙarshe.

Abin da na koya, a wurin aiki in abu ya lalace, wanda ba shi da bakin magana ake fara kallo, don haka ki riƙe abin da za ki nuna, ko a bayan takarda ne. Amma takardar ita kaɗai ba za ta cece ni ba. Da ni na kai ta, sai a ce mai shara ta yi wa dattijo ƙazafi. Shi da ya yi kuskuren, shi ya ɗauka ya kai, da furfurarsa.