Shekarar da Aka Kori Matan Gidan Habi

Habi ɗiyar Barmo ce, shi kuwa Barmo ɗan Chindo masaƙi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Cadawa tun kasuwar gyaɗa ba ta bunƙasa ba. Da mijinta ya rasu ya bar mata gida mai fili, ba ta ƙara aure ba. A shekarun da aka karɓi mulkin kai, gidan nan ya zama masaukin matan da suka rasa wurin zuwa: wadda dangi suka gaji da ita, da wadda baƙin ciki ya kai ta ga burkutu da zaƙami mai juyar da hankali. Habi ba ta tambayar mace labarinta sai ta ci ta ƙoshi. Daga nan ta ajiye mata ƙwaryar gyaɗa ta ɓare, domin ta lura rawar hannun mashaya tana raguwa idan ya sami abin yi. Da mai da ƙuliƙuli suke ciyar da kansu.

Babu wadda ta ba ta wahala kamar Husaina, wadda ƙyanda ta kashe wa 'ya'ya duka a shekara guda. Habi ta sha ɗauko ta daga bakin kasuwa a buge, ta yi mata wanka. Husaina ta warke, ta auri wani ɗan kwamitin jam'iyya, har ta zama shugabar matan gari.

Wata damina ruwa ya ɗauke, hatsi ya soma ƙonewa. Manyan gari suka ce zunubin mata marasa aure ne ya jawo, aka yi shela kowace ta yi aure ko ta bar gari. Habi ta kwantar wa matanta da hankali, ta ce, "Husaina tana can cikin manyan, ta san nan ba gidan karuwai ba ne."

Ranar da aka tara jama'a a gaban buro, ofishin hukuma, Husaina aka sa ta yi bayani. Ta miƙe cikin sabon zane, ta riƙa kiran matan gidan Habi da sunayensu, tana faɗin abin da kowace ta taɓa sha da inda ta taɓa kwana, maganganun da aka yi a gindin turmi ana hawaye.

Habi ta ce, "Husaina, dube ni. Da bakinki?"

"Inna, ai ba da ke ake ba. Ke tsohuwa ce, ki yi zamanki."

"Su fa?"

Husaina ta kawar da kai. "Ni ma aurena nake tsarewa, Inna."

Jandarma suka raka matan bakin hanya. Habi ta san in suka watse a kasuwannin bakin iyaka, mashaya ce za ta karɓe su. Ta ɗora tukunyar suya da turmi a kan amalanke ta bi su, suka yi bukkoki a wani ƙauye gaba da Gazawa. Ba ta sake taka Cadawa ba.

Da tsufa ya kama ta, Balarabe ɗan ƙanenta ya tambaye ta abin da ya sa ta bar garin ubanta alhali ba a kore ta ba.

Ta ce, "Ni na ce musu su saki jiki da Husaina, 'yar gida ce. Bayan ta tona su a gaban gari, da wane ido zan tsaya a ƙofa in ce musu a sauka lafiya?"