Askar Baba Tanimu a Zaman Ra'ayi

Ban taɓa mantawa da ranar da na miƙa wuyana ga aska a gaban jama'a ba, wai duk cikin aikin ɗakin karatu. Ku da kuka zo bayanmu kuna zaton aikin nan kakkaɓe ƙura ne da buga hatimi. To ku saurara.

Lokacin ni ne mai kula da ɗakin karatu a nan Matameye, ƙarƙashin ofishin magajin gari, kuma sakatare-janar, Alhaji Mamman, shi nake kai wa rahoto. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: mutum ya yanki kati, ya ari littafi na mako biyu, ƙarshen wata kuma mu yi zaman ra'ayi, kowa ya faɗi yadda ya ga abin da ya karanta. Zaman nan, in mutum shida suka zo sai in gode wa Allah, ko da yake biyu daga cikinsu iskar fanka ce take kawo su.

Ana nan sai aka aiko mana da kwalin littattafai kyauta. A ciki akwai wani na Faransanci, labarin gaskiya na wani mai aski a wani birni mai nisa, wanda ya yanka mutumin da ya zo aski wurinsa. Mushe Sanusi, malamin lakwal, wato makarantar boko (a nan Mushe muke kiran malamin boko), shi ya fara ara. Ya kai shi fadarsu ta shan shayi yana fassara wa samari da Hausa, yana ƙara gishiri. Kafin wata ya mutu littafin ya yi laushi kamar tsumma, masu jiransa har daga garuruwan Kance da Dawce.

Zaman ra'ayin watan nan ɗaki ya cika har taga. Mushe Sanusi ya ce littafin ya hana shi barci, saboda haka ya ci maki cikakke. Madam Hadiza, unguwarzoma, ta ce marubucin ya mai da makashi tauraro, abin kunya ne, sannan ta roƙi in sake ara mata a karo na biyu. Wani dattijo ya miƙe ya ce karanta irin wannan ɓata lokaci ne da gayyato shaiɗan. Har ya zauna sai ya sake miƙewa ya ce, "Wai da dama ya riƙe askar ko da hagu?" Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ga kasuwata ta buɗe.

Ashe ta wani ce take rufewa. Gindin bedi, wato darbejiyar da ke bakin tagarmu, nan Baba Tanimu wanzami yake shimfiɗa tabarmarsa tun kafin a gina ɗakin. Shi ya yi wa ƴaƴana duka askin suna. Da farko wasa ne: samari su wuce, su ja yatsa a wuya, su ce, "Baba, yau wa za a kwantar?" Sai wasa ya zama gaske. Mutum ya zo, ya ga aska tana ƙyalli, ya tuna yana da uzuri. Gemuna suka yi ta tsiro a gari, zabirar Baba Tanimu tana wuni a ɗaure.

Tsohon bai ce mini komai ba, ya kai kukansa ofishin magajin gari. Sakatare ya kira ni.

"Mushe Laminu, littafi kake ba mutane ko tsoro?"

"Ranka ya daɗe, ai ba a ƙasar nan abin ya faru ba."

"A ƙasar nan tsohon yake cin abinci. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ko ka mayar masa da mutanensa, ko ka kulle littafin a kabad."

Yana magana ina kallon haɓarsa. Shi ma gemun ya yi buzu-buzu, amma ina son aikina, sai na ce to, na fito.

Kulle littafin kashe zaman ra'ayina ne, barinsa kuma kashe sana'ar tsoho. Sai na sanar cewa zama na gaba a gindin bedi za a yi shi, kuma ni da kaina Baba Tanimu zai yi wa gyaran fuska ana cikin muhawara. A baki abin ba wuya. Amma ni ma na karanta littafin nan sau biyu.

Ranar aka taru, har da Sakatare a kan kujera. Na zauna a tabarma, Baba Tanimu ya jiƙa mini haɓa, ya shiga wasa aska a kan fata, a hankali, kamar da gayya. Da sanyin ƙarfen ya taɓa ni sai duk shafukan suka dawo mini.

"Mushe, daina haɗiyar yawu," in ji shi. "Maƙogwaronka sai rawa yake, ni ba makaɗi ba ne."

Aka fashe da dariya. Don in rufe kunyata na ce, "Baba, kai ma ba mu ra'ayinka a kan littafin."

"Ni ban yi lakwal ba, amma tagarku ba ta da sakata, duk na ji. Mai askin nan kun san sunansa, kun san na uwarsa, kun san abin da ya ci da safe. To shi wanda aka yanka, yaya sunansa?"

Aka shiga kallon-kallo. Mushe Sanusi ya dubi sama. Madam Hadiza ta kai hannu za ta buɗe littafin, tsohon ya ce, "A'a, ƴata, da ka."

Ba wanda ya tuna. Ni ma da na karanta sau biyu ban tuna ba.

"Ni shi nake tunani," in ji Baba Tanimu, askar tana tafiya a wuyana. "Bawan Allah ya zo ya zauna, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Wataƙila har gyangyaɗi ya yi, yadda mahaifinka yake yi a hannuna, Allah ya jiƙansa. Tun ina saurayi mutane suke barci ƙarƙashin askata, ban san kyauta suke ba ni ba sai da suka daina. Kai ma ga ka nan, ka zo taimakona, amma idonka kamar na mujiya."

Wallahi na ji kunya har cikin raina, na kuma ji tausayinsa. Sai na ɗaga haɓa sosai, na rufe ido. Ina cikin duhun nan na ji muryar Sakatare yana cewa, "Baba, in ka gama da shi ni ne, kada wani ya shiga gabana."

Littafin bai shiga kabad ba, zabira kuma ta kwance. Amma daga ranar na kafa doka a zaman ra'ayi: duk littafin kisa, sai ka faɗi sunan wanda aka kashe kafin a ba ka magana. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake bar muku. Littafin da ka miƙa ta kan tebur ba a hannun mai aro yake tsayawa ba, yana iya sauka a tabarmar wanda bai taɓa yankar kati ba. Ni dai har Baba Tanimu ya rasu ban sake zama gabansa da ido a buɗe ba.