Murhun da Aka Kafa a Kan Harsasan Baba

Wata Laraba ce a lokacin sanyi, shekara ta biyu da hawan sojoji mulki, na dawo daga makaranta na tarar da ƙofar gidanmu na unguwar Kalakla a wangale, tsakar gida cike da mata. Maƙwabcinmu tsoho Ammu Bashir ne ya rasu da hantsi. A unguwarmu idan aka yi rasuwa ba a neman izinin kowa, gidan mamaci na masu kuka ne, gidan maƙwabci na masu girki. Taron bai dame ni ba, na saba gani. Abin da ya tsayar da ni cak a bakin ƙofa shi ne wurin da suka kafa murhu. Can kusurwar katanga, a gindin darbejiya, sun jera duwatsu sun ɗora wata ƙatuwar tukunya, wuta na ci bal-bal, Innata kuwa tana tsugune a gaba tana tura itace. Mutum biyu ne kaɗai suka san abin da ke binne a ƙarƙashin wannan wuta, ni da Baba. Baba kuma yana can yankin noma na Jazira wajen gyaran injin ban-ruwa, sai Juma'a zai dawo. Shekarata goma a lokacin.

Babana Usta Haruna makaniki ne a wani gareji da ke Alshajara. Ba ya shan taba, ba ya zaman shayi, kallon ƙwallo ma bai dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna, shi ne harbin agwagin ruwa. Yana da tsohuwar bindiga mai baki biyu, da takardar izininta, kuma da sanyi ya shigo, tsuntsaye suka fara sauka a kogin Farin Nilu, to Juma'arsa ta kogi ce. Allah bai ba shi ɗa namiji ba sai daga baya, don haka ni yake ɗorawa a bayan kekensa. Mukan kwanta cikin ciyawa, laka na ratsa rigata, shi ko motsi ba ya yi. Sau tari tsuntsu ɗaya yake harbowa, wani lokaci ma mu dawo hannu rabbana yana ta murna, Inna tana yi masa tsiya wai kuɗin harsashin ya isa a sayi kaji biyu. Ni ribata kwanson harsashi ne, jajaye masu gindin tagulla. Nakan sa su a yatsu ina tsorata ƙannena, in busa su su yi fito, a makaranta kuwa kwanso ɗaya yana sama mini rabin sanwicin wake a hannun yara maza.

Da sojoji suka zo, sai harsashi ya fara wuya. Shagon da yake saye a kasuwar Umdurman, yau a ce babu, gobe a ce sai da wata sabuwar takarda. Tsoro ya kama Baba, kada sanyi ya zo ya same shi da bindiga ba abin zuba mata. Sai ya shiga tarawa. Ya sayi kaɗan a nan, ya karɓi kaɗan a wajen abokin da ya daina farauta, har abin ya wuce adadin da takardarsa ta yarda da shi nesa ba kusa ba. Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Ana dokar hana fita, ana shiga gidaje bincike, mutum kan tafi aiki da safe a neme shi a rasa, in ya dawo bayan watanni ba ya iya kallon idon kowa. A irin wannan zamani wa zai tsaya ya saurare ka kana cewa ai don agwagi ne? Inna ta tasa shi a gaba sai ya rabu da su. Ya ce mata ya sayar. Bai sayar ba.

Baba ɗan manoman Jazira ne, ya tashi yana ganin ana haƙa rami a binne dawa ta shekara ba ta lalace ba, a ganinsa duk abin da kake so ƙasa za ka ba wa ajiya. Ranar da Inna ta tafi biki Umdurman, ya kira ni. Muka shanya harsasan a kan tabarma cikin inuwa, ina goge gindin kowanne da tsumma, wanda ya fara kore muna ware shi. Muka jera su a manyan gwangwanayen madara, ni na riƙe kyandir ina ɗiga kakinsa a bakin murfi. Ya zaɓi gindin darbejiya don wurin tudu ne, ruwa ba ya kwanciya, iska ba ta dukansa. Ramin bai yi zurfi ba, don yana so ya riƙa tonowa yana dubawa. Da muka gama ya dafa kaina ya ce, “Hauwa, wannan magana in ta fita, ba za ki sake ganina ba. Ko Innarki kada ta ji. Ba rashin amana gare ta ba, raɗa ce ba ta iya ba.” Gaskiya ya faɗa. Inna ko ƙadangare ta gani sai ta yi salatin da za a ji a layi na uku. Ni kuwa ranar ji nake babu wanda ya kai ni girma a Kalakla.

Abin da Baba ya gani a wurin nan, shi matan suka gani: tudu, inuwa, ba iska. Na ajiye jakata na raɓa na ja bakin mayafin Inna, na ce ta zo ɗaki ina son magana. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, “Ke, ana mutuwa kina magana? Jeki wanke albasa.” Na ce hayaƙi zai kashe bishiyar Baba, a mayar da wutar can bakin rumfa. Matan suka kwashe da dariya. Wadda ta fi kowa dariya Hajja Nafisa ce, tana zaune daf da Inna tana yanka nama. Mijinta yana cikin kwamitin unguwa, mutanen da ke raba katin sukari, waɗanda kowa ya san ba sukari kaɗai suke lura da shi ba. Na tsaya ina kallon garwashi yana taruwa a ƙasan tukunya. Ban san iya zafin da ƙasa ke sha kafin ya kai ga gwangwani ba, har yau ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne ƙarar harsashi ɗaya a bakin kogi, yadda take dukan ƙirji, ga kuma gwiwoyin Inna kusan a cikin toka. In na yi shiru na rasa Inna, in na yi magana na rasa Baba.

Kusa da katangar akwai gangar ruwanmu, wadda mai jaki ke cika mana, tana kan tsohuwar taya, ruwan ya kai rabi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na shiga tsakaninta da katanga, na jingina bayana, na tokare ƙafafuna, na tura da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Gangar ta kife. Ruwa ya kwararo cikin murhu, wuta ta yi wani irin huci, toka ta tashi ta rufe tukunyar miyar makoki, dutse ɗaya ya zame, tukunya ta karkace rabin miyar ya bi ƙasa. Tafasasshiyar miya ta fallatso mini a ƙauri, tabon yana nan har gobe. Mata suka watse da ihu. Inna ta cire takalminta, kuma ranar na sha dukan da ban taɓa sha ba, tana duka tana kuka tana tambayata, “Me ya sa? Me muka yi miki?” Na datse haƙorana. Ta gefen ido ina ganin ana kwashe duwatsun murhu ana kai su bakin rumfa, don wurin ya zama taɓo. Sai na ji Hajja Nafisa tana cewa, “Bar ta haka, yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Ubanta ya yi ta kai ta bakin kogi, ga shi ta kwaso mutanen ruwa.”

Washegari da safe, kafin mata su dawo, Inna tana shafa mini man gyaɗa a ƙaurin, na karya alkawarin Baba na gaya mata. Na rufe ido ina jiran salati. Shiru. A karo na farko a rayuwata na ga Inna ta ji abin tsoro ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta kwanto akuyarmu ta ɗaure ta a gindin darbejiya, ta zuba mata dusa, don kada wata ta sake sha'awar wurin har a gama zaman makoki.

Da Baba ya dawo ranar Juma'a, a ɗaki ta tare shi, ina bakin ƙofa. Da raɗa ta yi masa magana, ita da aka ce ba ta iya ba: “Ka binne wuta a gidana, ka bar ’yar shekara goma gadi.” Ya fito ya tsuguna ya dubi ƙafata, ya daɗe yana kallo. Da la'asar ya tono gwangwanayen, ya sa su a buhu ƙarƙashin ciyawar akuya, ya ɗaure a bayan keke, wurin zamana. Ya tafi kogi shi kaɗai, ya dawo da buhu wayam. Bindigar ya naɗe ta cikin tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado. Daga ranar ko da sanyi ya zo agwagi suna wucewa ta saman gida, sai dai ya ɗaga kai ya bi su da ido.

Harsasai sun tafi, amma maganar Hajja Nafisa ta zauna. A layinmu na koma Hauwa mai aljannu. Yara suka daina sa ni a wasan ’yar gala-gala, uwayensu suna janye jarirai in na shigo, a makaranta benci guda aka bar mini. Abin da ya fi ci mini rai, iyayena sun san gaskiya, amma ba damar faɗa, don wanke ni yana nufin miƙa Baba. Inna da kanta ta riƙe hannuna ta kai ni wajen malami, kowa yana gani, aka turara ni, aka ba ni rubutu na sha. A hanyar dawowa ta saya mini ƙanƙara mai zaƙi, muka taho ba wadda ta kalli wata. Na ji haushin Baba shekaru, ba zan ɓoye ba, kuma na yi kewar bayan kekensa fiye da yadda na ji haushin.

Yanzu Baba da Inna duk sun kwanta dama, yaƙi kuma ya tashe mu daga Kalakla. Wanda ya leƙa unguwar ya ce mini kwanson harsashi ya cika layinmu, yara ba sa ko sunkuyawa su ɗauka. A da gwangwanaye kaɗan na harbin agwagi sun isa su hana gida guda barci. Yau babu wanda za a kama in na yi magana, ina iya tsayawa a tsakiyar titi in ce ban taɓa yin aljannu ba, uwata da ubana nake karewa. Sai dai matan da suka ga na kifar da gangar nan, wasu suna kabari, wasu ban san ƙasar da suke ba. Na samu bakin magana, ban samu wanda zan gaya wa ba.